Motoci huɗu na duba a Abuja kafin na yarda a biya kuɗin ɗaya

Baffana ya nemi in taya shi neman motar hannu wadda za ta riƙa kai shi daga Kubwa zuwa Garki kullum, ta kuma je Kaduna ta dawo ba tare da an kwana a hanya ba. Sharaɗinsa ɗaya ne: mota mai suna. Na ce, "Baffa, suna ba zai yi wuya ba. Amma a ba ni kwana goma, kuma kada a ajiye wa kowa kafin alƙalami sai na shiga ƙarƙashin motar na fito." Ya ce, "To ɗana, kai ka san aikinka." Kwana tara aikin ya ci. Motoci huɗu muka gani, dukkansu daga kamfanonin da kowa ke yabo a kasuwa, amma uku daga ciki da an saye su da wahala aka saya.

Kafin in taka wajen kowane dillali, sai da na zauna da biro da takarda. Abu uku kacal sunan kamfani ke gaya wa mai saye: cutar da aka san wannan ƙirar da ita a wannan shekarar da wannan injin, ko kayan gyaranta na samuwa a Apo da Gudu da Zuba, da kuma ko hannun makanikanmu ya saba da ita. Ban da waɗannan, suna ba shi da abin faɗa game da motar da ke tsaye a gabanka, wadda ta shekara goma sha biyar tana yawo a hannun mutanen da ba ka sani ba.

Ɗauki Toyota, wadda mutane ke saye ido rufe. Camry ƙirar 2007 zuwa 2009, wadda ake kira Muscle, in injinta 2.4 ne mai lamba 2AZ-FE, an san shi da shan baƙin mai. Ringin fistin da ke share mai daga jikin silinda ne ke toshewa, sai man ya haura ya ƙone tare da fetur. Kamfanin da kansa ya amince da matsalar a Amurka, har ya sa ma'auni: injin da ya sha kusan lita ɗaya a mil 1,200, wato wajen kilomita 1,900, ya isa a canza masa fistin da ringi. Ba kowace ce ke yi ba, amma wadda ke yi ba ta ɗigar da komai a ƙasa, hayaƙinta ma sau da yawa ba ya nunawa, sai ranar da fitilar mai ta kama a hanyar Lokoja. RAV4 ta 2001 zuwa 2003 kuma birenbos ɗinta ne, wato kwamfutar motar, ke rikicewa, ya riƙa ba giya umarni a karkace har ya kashe ta. Wanda bai sani ba sai ya canza giya sau biyu bai taɓa tushen cutar ba.

Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, wadda ake kira EOD da DC, injinta mai silinda huɗu jarumi ne, kuma sarƙa ce ke juya shi ba bel ba. Mai silinda shida ta farkon wannan zangon ce kamfanin ya kira a dawo da ita gyara a 2004, saboda giya ta biyu tana ɗaukar zafi. Maganar da kowa ya sani kuwa, ta tayar gaba da ke ficewa, dalilinta yana cikin ƙirar ƙafar: boljoyin na ƙasa shi ke ɗauke da nauyin motar. Robarsa ta yage, giris ya fita, ƙura ta shiga, sai ya yi ta cin kansa a hankali, ranar da ya saki kuma taya ta kwanta. In ana ɗaga motar ana duba shi duk bayan wata uku ko huɗu, aka kuma sa na ainihi ba na araha ba, da wuya ta kunyata mai ita.

Nissan masu giyar CVT, irin su Murano da Altima ta 2007 zuwa sama, na cire su daga lissafi tun daga gida. Giyar bel na ƙarfe ne tsakanin fuli biyu, ba ta son zafi, ba ta karɓar kowane mai sai nata, kuma in ta mutu a nan ba a gyara ta, sai dai a sayo wata tsohuwa a ɗora. Kamfanin ya ninka garantin wannan giyar ga motocin 2003 zuwa 2010 zuwa shekara 10 ko mil 120,000, wannan kaɗai ya isa shaida. Hyundai Sonata ta 2011 da 2012 an kira ta gyara a 2015 saboda ɓurɓushin ƙarfe da aka bari a cikin inji tun daga masana'anta, yana toshe hanyar mai har inji ya buga. Peugeot 406 kuwa ina ganin girmanta: an harhaɗa ta a Kaduna, ƙafarta ta dace da hanyoyinmu, mai giyar hannu tana daɗewa. Sai dai bel ke juya injinta, in ya tsinke bawul sun lanƙwashe, kuma wayarinta na buƙatar mai na'urar Peugeot, ba kowane rewaya ba. Motocin Jamus suna da daɗin tuƙi, amma ba sa yafe jinkirin gyara ko kayan jabu, Baffa kuma ɗan fansho ne. Wani abu da mutane da yawa ba su lura ba: Pontiac Vibe tagwaye ce da Toyota Matrix, a Kalifoniya aka ƙera ta, inji da giya na Toyota ne, sunan da ke goshinta kawai ya bambanta.

Da wannan na taƙaita neman a kan masu silinda huɗu, masu sarƙa, masu giyar otomatik ta gargajiya. Kayan da na zuba a jaka: tocila mai ƙarfi, ƙaramin mayen ƙarfe a naɗe cikin tsumma, farin tishu, na'urar OBD2 mai karanta kwamfutar mota, da ke haɗuwa da waya, mita ta awon batir, gejin awon ƙarfin silinda, da tabarma. Kowane dillali kuma na gaya masa magana ɗaya tun daren jiya: zan zo ƙarfe bakwai da rabi na safe, kada a tayar da motar kafin in iso. Injin da ya kwana ba ya iya ɓoye komai. Ƙarar sarƙa, hayaƙin farko, rawar inji, duk a minti biyun farko suke fitowa, da ya ɗumama kuma sun ɓuya.

Ta farko Beljiyom ce, ba a ko yi mata lamba ba, fenti sai ƙyalli. Dillalin ya ce, "Yallaɓai, wannan daga jirgi sai nan." Na ce, "Madalla Alhaji, bari mu gani." Da na buɗe ƙofa ƙanshin turare ya buge ni, mai yawan da ya wuce na ado. Na ja bel ɗin kujerar direba har ƙarshensa. Wajen kamu biyu na ƙarshe akwai wani layi ruwan ƙasa da ya ratsa shi, a ƙasan layin kuma bel ɗin ya yi tauri kamar busasshiyar fata. Na tura kujera baya, ƙusoshin da suka riƙe dogonta sun yi tsatsa ja. Na ɓalle robar bakin ƙofa na cusa hannu ƙarƙashin kafet, yatsuna suka fito da yashi mai laushi. A ramin safaya taya ma haka, sannan soket ɗin wayoyin da ke ƙarƙashin kujera bakinsa ya yi kore. Na ce, "Alhaji, wannan ta sha ruwa." Ya ce wankin kafet ne. Wanki ba ya kai yashi cikin soket.

Motar ambaliya ita ce kyan ɗan maciji. Bayan guguwar Harvey a Texas a 2017 da ta Ian a Florida a 2022, kamfanonin inshora sun kwashe motoci masu ɗimbin yawa sun kai gwanjo, irin na Copart da IAA, daga can kuma wasu suka hau jirgi. Irin wannan mota tana tashi, tana tafiya, na wata uku ko shida. Ruwan da ya shiga soket yana cin tagulla a hankali, musamman na gishiri. Yau gilashi ya ƙi sauka, gobe fitilar birki ta ABS, jibi ta mutu a tsakiyar titi ta kuma tashi da kanta, rewaya ya yi ta yanka waya bai kama ɓarawon ba. Ba ina cewa duk motar gwanjo ta lalace ba. Wadda aka buga wa bamba ta baya aka gyara da kyau ba ta da laifi. Abin nufi shi ne a sa lambar shasi a intanet a nemo hotunan gwanjon, a biya kuɗin rahoton tarihinta irin na Carfax, a ga da ido abin da ya same ta. Sayen Beljiyom ba tare da wannan ba cinikin biri a sama ne.

Ta biyu lambar shasi ce ta tona ta, tun kafin in buɗe bonet. Lambar nan haruffa da alƙaluma 17 ce, kuma ba a sa I da O da Q a ciki. Ta farko tana nuna ƙasar da aka ƙera motar: J Japan, 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, K Koriya, W Jamus. A motocin da aka yi don kasuwar Amurka, ta goma ita ce shekara: 1 zuwa 9 na nufin 2001 zuwa 2009, A 2010, B 2011, haka har gaba. An ce mana ƙirar 2011 ce, amma ta goman 8 ce. An canza mata fuska ke nan, fitilu da bamba da giril, aka ɗora kuɗin shekara uku a kai. Ina duba lambar a wuri uku, gindin gilashin gaba, sitikar jikin ƙofar direba, da takardu, kuma dole su zo ɗaya. Mitar tafiyarta na nuna mil 84,000, amma robar fedar birki ta cinye har ƙarfe ya leƙo, sitiyari ya yi santsi, gefen kujerar direba ya lotse. Rahoton tarihinta ya nuna ta haura mil 190,000 tun tana can. A ƙiyasi, motar Amurka na cin wajen mil 12,000 a shekara, don haka duk wadda ta shekara goma sha biyar tana nuna ƙasa da 100,000, sai ta kawo shaida.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wannan motar shi ne fitilar iyabag, jakar iskar nan da ke fitowa in an yi karo. Ƙa'idar ita ce a murɗa makulli har fitilun dashbod su kama, ba tare da an tayar da inji ba. Dukkansu su bayyana, har da ta cek inji, wadda wasu ke cire wa ƙwai ko su liƙe ta da baƙin tef ta ciki. Ta iyabag ta tsaya wajen daƙiƙa shida, sannan ta mutu da kanta ko inji bai tashi ba. Wannan ba ta mutu ba. Na jira minti guda tana nan. Da na tayar da inji sai ta ɗauke tare da fitilar mai, a lokaci ɗaya cif. An haɗa wayarsu ke nan don a rufe ido. Mayen ƙarfe ya ƙi kama gefen hagu na gaba saboda kaurin fila, ƙullun nan da ake cike lotsawa da shi, kawunan ƙusoshin fenda sun nuna tabon sifana, murfin sitiyari kuma ba ya zaune daidai. Motar ta yi karo da gaba, jakunkunan sun fashe, ba a mayar da su ba. Mai yin haka ba kuɗin mutum kaɗai ya ci ba, ransa ya sa a caca.

Ta uku an yi amfani da ita a nan gida. Na iso na ɗora hannu a kan inji na ji ɗumi. Yaron wajen ya ce matsar da ita kawai aka yi don a yi shara. Na sa na'ura, babu lambar matsala ko ɗaya, abin da zai sa wani ya saki jiki. Amma akwai shafin da ke nuna ko kwamfutar motar ta gama gwaje-gwajen da take yi wa kanta, na indomi, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa, da na sensar iskar salansa da sauransu. Kusan duk suna cewa ba su kammala ba. Ma'anarsa an goge lambobin kwanan nan, ko an cire kan batir, motar kuma ba ta yi tafiyar da za su dawo ba. Na zaro sandar man giya na goga a tishu: ja ne shar, sabo fil, alhali baƙin man inji ya yi kauri, ƙarƙashin murfinsa kuma da dasƙararren datti kamar kwalta. Mai motar da bai damu da inji ba amma ya canza man giya ana gobe sayarwa, akwai abin da yake lallashi.

Shi ya sa ba na yarda da zagayen layi ɗaya a dawo. Hanyata a Abuja uku ce, kuma ba ta gaza minti arba'in. Babban titin Kubwa, don a kai gudun kilomita 100 a awa a ji rawar sitiyari, kukan boris, da ko tana ja gefe in an sassauta hannu ko an taka birki. Hawan Mpape, da esi a kunne da mutum uku a ciki, don giya da zafi. Sannan cunkoso, irin na AYA zuwa Nyanya, don a ga ko allurar zafi na haurawa in ba iska. Minti ashirin ɗin farko motar nan ba ta da laifi. A tsakiyar hawan Mpape, da za ta shiga ta uku daga ta biyu, allurar juyin inji ta yi tsalle daga 2,500 zuwa kusan 4,000, motar ba ta ƙara gudu ba, sannan giyar ta faɗa da duka. Kulocin cikin giya ya cinye, man da ya yi zafi ya tsinke ya kasa riƙe shi. Da muka tsaya na sa ribas, sai da na ƙirga uku kafin ta kama. Lafiyayyar giya ba ta wuce daƙiƙa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Kafin mu dawo fitilar cek inji ta kama.

Ta huɗu ita ce mafi rashin kyan gani. Corolla ce ƙirar 2007, fentin rufinta rana ta cinye, ƙofar baya da ɗan lotsawa, Baffa da ya gan ta fuskarsa ta canza. Amma mai ita ma'aikaci ne da ya riƙe ta shekara shida, ya kuma fito da leda cike da rasit na sabis, kowanne da kwanan wata da nisan tafiya, lambobin suna hawa a jere. Injin da sanyinsa na same shi. Bugu ɗaya ya tashi, babu ƙarar sarƙa, babu shuɗin hayaƙi na ƙonewar mai, babu farin hayaƙi mai kauri na ƙonewar gasket ɗin kan inji. Kafin a tayar na buɗe murfin lagireto na bar shi a buɗe, ina kallo ko kumfa za ta riƙa tasowa, babu. Ba a buɗe wannan murfin in inji ya yi zafi, ruwan na iya saɓule fuskar mutum. Batir volt 12.5 a kashe, 14.1 a kunne, alteneta na caji ke nan. Na cire fulogi huɗun na auna ƙarfin silinda: 180, 176, 180, 178. Ba girman lambar kaɗai ake kallo ba, kusancinsu ake so, kada tazarar ta wuce kashi goma cikin ɗari. Mpape ta hau ba gargada.

A Apo muka ɗora ta a rami. Ƙafafun shasi a miƙe, babu walda, babu lanƙwasa. Indomi na nan, abin da ake yawan sacewa a maye gurbinsa da bututu saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa. Na kama taya sama da ƙasa na girgiza don boljoyin da boris, sannan hagu da dama don tayarod, ba motsi. Laifuffukan da na rubuta: robar shaf ta dama ta yage tana watsa giris, shokazoba biyu na baya suna zubar da mai, bel na fanka ya tsattsage, tayoyi biyu sun tsufa. Shekarun taya na jikinta, alƙaluma huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Na kuma sa lambar shasin a shafin hukumar NHTSA mai kula da lafiyar motoci a Amurka, domin Corolla ta waɗannan shekarun na cikin motocin da aka kira saboda iyabag ɗin kamfanin Takata, wanda zafi da laima ke ɓata sinadarinsa har ya fashe da ɓaraguzan ƙarfe. Ya nuna ba sauran gyaran da ake bin ta.

Babban laifinta shi ne wanda kusan kowace motar gida ke ɗauke da shi. Na'ura ta nuna zafin ruwa ya tsaya a digiri 68 bayan tafiyar rabin awa, fankar lagireto kuma na juyawa tun daga murɗa makulli. An cire tamostat, abin da ke tsare ruwa a cikin inji har sai ya yi zafi, an haɗa fanka kai tsaye. Hujjar da ake kawowa ita ce wai tamostat na ƙasashen sanyi ne. Ba haka ba ne. An ƙera injin ya yi aiki tsakanin 85 da 95, tamostat ɗin wannan motar a 82 yake fara buɗewa. In inji bai kai zafinsa ba, kwamfuta na ɗauka har yanzu safiya ce, sai ta yi ta ƙara fetur. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke mai daga jikin silinda, ya gangara ya tsinka baƙin mai, ya toshe indomi, ya baƙanta fulogi. Fankar da ba ta hutawa kuma ta mutu da wuri, ranar da ta mutu a cunkoso gasket ya tafi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan ɗabi'ar kai tsaye aljihu take ci. In mota na zafi, a nemi dalilin: lagireto ya toshe da tsatsar ruwan rijiya, murfinsa ya saki, famfon ruwa ya cinye, ko rilen fanka ya mutu. Cire tamostat rufe ciwo ne da tsumma.

Haka zancen baƙin mai. A murfin injin an rubuta 5W-30, rasit ɗin kuma duk 20W-50 suke nunawa, wanda ya fi shi kauri. Injinan nan masu VVT-i, tsarin da ke daidaita lokacin buɗewar bawul, da matsin mai suke juya kamshaf, ta ƙananan hanyoyi da 'yar rariya. Mai kauri yana jinkirin isa sama da safe, lokacin da inji ya fi cin kansa. Sa'ar wannan motar ita ce ana canza shi a kan lokaci, shi ya sa cikin murfin yake da tsabta.

Da wannan jerin na zauna ciniki. Ban kushe motar ba, na miƙa wa mai ita takardar na ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da za mu kashe kafin ta hau hanyar Kaduna." Ya duba, ya rage kusan rabin kuɗin gyaran, aka yi albarka.

Takardu sun ci kwana biyu, kuma ba a biya ba sai da aka gama su. Takardun kwastan na asali na karɓa, ba hoto ba, na kai lambarsu ofishin kwastan aka tabbatar an biya duti a kan wannan lambar shasin da wannan shekarar. Haramcin shigo da motoci ta iyakokin tudu ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2017, saboda haka duk wadda aka ce ta Kwatano ta shigo bayan nan, a ninka bincike. In dutin jabu ne, a hannun wanda aka kama motar ake karɓe ta, ba a hannun wanda ya shigo da ita ba. Sai lasin mota, shaidar mallaka, takardar lafiyar mota, da inshora, wadda ake tantancewa a rumbun bayanan inshora na NIID ta waya. Kuɗin inshorar da doka ta wajabta wa motar gida ya koma naira 15,000 tun Janairun 2023, wadda aka ba ka a ƙasa da haka da alamar tambaya. An duba rajistar 'yan sanda ta CMR ko an taɓa kai rahoton sata. Aka rubuta yarjejeniya da lambar shasi da ta inji, shaidu biyu suka sa hannu, aka haɗa da hoton katin shaidar mai sayarwa, kuɗin kuma ta banki aka tura, zuwa asusun da sunansa ya zo ɗaya da na takardu. Canjin suna a ofishin VIO na Mabushi aka yi shi a makon.

Na ce wa Baffa tun farko ya ware kashi goma zuwa sha biyar na kuɗin motar kada ya taɓa, kuma a nan suka yi amfani. Baƙin mai 5W-30 lita huɗu da ɗan ɗoriya da sabuwar filta. Man giya T-IV, irin wanda aka rubuta a jikin sandar, an sauke wajen lita uku aka mayar da daidai abin da ya fita. Ban yarda a wanke giyar da injin matsi ba, domin a tsohuwar giya yana tayar da dattin da ya kwanta ya kai shi cikin bawul. An wanke lagireto, aka sa tamostat na ainihi da sabon murfi, aka cika da kulan, ruwan sanyaya inji na musamman, wajen lita shida da rabi, ba ruwan famfo ba. Rewaya ya mayar da fanka kan rilenta, muka tsaya muna kallon na'ura har zafi ya haura 90 da 'yan kai, fankar ta tashi da kanta, ta yi aikinta ta tsaya. Fulogi huɗu na iridiyom daga dila mai rasit, don jabunsu sun cika kasuwa kuma kwalinsu ya fi na ainihin kyau. Sai filtar iska, man birki, bel na fanka, robar shaf da sabon giris, da tayoyi biyu, aka yi alaimen.

Gwaji na ƙarshe ba a yin sa a rana ɗaya. Bayan sabis na ajiye motar a wuri mai daidai, na bar ta ta huce, na zaro sandar mai na ɗauki hotonta, na rubuta nisan tafiya a ɗan littafi na jefa a aljihun dashbod. Baffa ya cika tanki har famfo ya tsaya, duk cikawar gaba kuma yana rubuta lita da kilomita. Kafin gyara tana cin lita ɗaya a kilomita takwas a cikin gari, bayan gyara ta koma sha ɗaya. Da ta cika kilomita 1,500, ciki har da zuwa Kaduna sau biyu, muka sake zaro sandar a wuri ɗaya da safe. Man ya sauka da kaurin farce, ba ƙari. Shokazoba na baya su ne suka rage, an sa su a lissafin wata mai zuwa, rufin kuma Baffa ya ce a bar shi haka sai bayan damina.